Garin da Ya Ƙi Mazurari

Giram hamsin na garin kuza,
mazurari ɗaya, agogo a hannun hagu.
Aikina ke nan a ɗakin awo, bayan Dilimi:
in zuba, in ƙirga.

Da damina daƙiƙa ashirin da bakwai ta ishe shi.
Ya zubo siriri kamar zaren ɗinki,
ya taru tsibi, ba gardama.

Yau wata uku Jos ba ta ga ɗigon ruwa ba.
Na zuba, ya tsaya.
Na ƙwanƙwasa gefe, ya ɗan tsiyaya, ya sake cijewa.
Wani ya manne wa bangon roba,
wani ya yi gada a maƙogwaron rami
ya tare wa 'yan'uwansa hanya.

Baba Chollom, wanda ya tsufa a gindin injin rarrabe kuza,
ya ajiye kofin shayi.
"Lantana, a me kika kawo shi?"
Na ce a leda, a bayan babur, daga Bukuru.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Tun daga Bukuru suke gugar juna!
Wannan ƙwaya ta ƙwaci kaɗan daga waccan,
leda ma ta ƙwaci nata.
Masu kaya iri ɗaya sai ture juna,
masu bambanci sai runguma.
Ga shi kin niƙa shi luƙui,
ba shi da nauyin da zai raba faɗan."

Ya goga mataji a rigar sanyinsa,
ya kai kusa.
Gari ya miƙe tsaye, ƙarfe fa,
ya yi tsalle kamar an kira sunansa.

"Lantarki ne," in ji shi, "wanda ya rasa hanyar gida."

Muka sauya mazurari, muka sa na ƙarfe.
Ya ɗaura masa wayar jan ƙarfe,
ya ja ta ta taga zuwa rodin da ke kafe a gindin famfo,
inda ƙasa ba ta bushewa.
Ya ce in jira shayinsa ya huce.

Talatin da ɗaya.
Na rubuta, na ja layi a ƙarƙashi.

Da dare, a Tudun Wada, ba wuta,
na zare mayafi, ya yi ƙyas-ƙyas a duhu,
shuɗin tartsatsi a kafaɗata.
Na cire takalmi,
na taka sumunti da tafin ƙafa, na ɗan jima,
sannan na taɓa goshin ɗana da ke barci.