Famfon Zamare

Takardar da na zo da ita daga Birnin Kebbi
akwati biyu gare ta: i, ko a'a.
Kina ɗiban ruwa a famfo? A'a.
Gida arba'in da bakwai, a'a talatin da tara.
Lissafi ya zauna daram,
sai dai bai san dalili ba.

Famfo sabo fil, ruwansa garau,
mata na wuce shi da tulu a ka
su gangara Kwara, tafiya mai nisa.

Malamina ya ce: Luba, ajiye biro.
Ƙidaya ta gaya miki nawa ne,
koma ki zauna sai kin ji don me.

Na koma, na zauna.
Kwana bakwai ban samu komai ba
sai gaisuwa da ruwan randa.
Na nemi izinin kunna rikoda,
Tumba ta dube ta kamar kunama:
"Wagga aba, gwamnati taka kai ma magana?"
Na kashe ta. Na ɗauki wuƙa,
na taya ta gyaran karfasa
har ƙarni ya kama min lalle.

Rana ta sha ɗaya na ari tulu na bi sahu.
Wuyana ya gaya min abin da ba a tambaya.
A bakin ruwa kuwa,
muryoyin da na sani ƙasa-ƙasa suka miƙe tsaye.
Nan ake zubin adashi,
nan ake jin nawa bandar kifi ta yi a Yawuri,
wa ta kwana da zazzaɓi, wa ake bi bashi.
Ban tambaya ba, Tumba ta ce:
"Famfonku na gaban majalisa.
Ido ashirin bisa bayanki,
ko tari ba ki yi."

Da dare, ga fitila, ga sauro,
hirar sa'a guda na cin sa'a shida a rubuce.
Yaya ake rubuta shiru?
Na buɗe baka, na sa: ta dubi ƙasa, ta daɗe.
Na yayyanka maganganu, na baza a tabarma,
tsibi-tsibi kamar mai sayar da tattasai:
nan kunya, nan adashi, nan ɗanɗanon ruwa.

Guda ta ƙi shiga ko'ina.
Hajo ce, mai zuwa famfo bayan isha'i;
tun da kwalekwale ya kife da ƙanenta
ba ta sake duban kogi ba.
Na so in tura ta ƙarƙashin tabarma
don aikina ya yi sumul.
Na bar ta a tsakiya, ita kaɗai, tana kallona.

Na rubuta kaina ni ma:
takalmina na birni, harshena na makaranta,
da zaton da suka yi cewa kuɗi na kawo.
Wanda ya shiga ruwa auna zurfi
ƙafarsa ma na tayar da laka.

Mace ta ashirin da uku na magana,
na riga ta sanin ƙarshen zancen.
Tulu ya cika. Na daina ɗiba.

Kafin in tafi na tara su gindin tsamiya,
na karanta musu abin da na ce sun ce.
Aka yi dariya, aka yi gardama.
Tumba ta ce: "Kin ji rabi, ɗiyata.
Rabin ma ya hi na waɗanda sunka gina."
Ta ce kuma in sauya mata suna.

Ba zan ce haka duk Kabi take ba.
Ƙauye ɗaya na sani, damina ɗaya,
da wata tsohuwa mai ƙarnin kifi a zane
wadda Tumba ba sunanta ba ne.