Ƙahon da ke Saman Injin

Shekara goma sha ɗaya yana nan,
maƙale tsakanin katako da kwanon rufi,
daidai saman injin markaɗena a Wusasa.
Ƙahon rago ne, an ɗinke bakinsa da jar fata.
Kawu Barau ya kawo shi ranar buɗe shago,
ya ce, "Ba sai fasto ya ji ba.
Allah na sama, amma ƙasa ma da masu ita."

Na karɓa da hannu biyu.
Ban taɓa durƙusa masa ba,
ko ɗan tsako ban yanka masa ba.
Kallo ne kawai.
Bel ya tsinke, in ɗaga kai.
Ciniki ya yi sanyi, in ɗaga kai.
Mata masu jiran tattasai suna cewa,
"Dogara akwai yawan addu'a,"
ba su san idona bai taɓa wuce kwano ba.

Ran Lahadi ni ne a benci na uku,
da farar riga da muryar da ke kaiwa titi.
Baki yana yabo,
zuciya ta raba ƙafa,
ɗaya a majami'a, ɗaya tana gadin shago.
Na san taura biyu ba sa taunuwa.
Sai na ajiye ɗaya a kumatu,
na ce ai ba tauna ta nake yi ba.

Daren da zazzaɓi ya sanƙarar da Tabita,
Asabe ta durƙusa a simintin asibiti
tana kiran sunan Yesu har muryarta ta dushe.
Ni kuwa na ce bari in samo ruwa.
Ƙarfe biyu na dare,
ƙafata ba ta tambaye ni hanya ba.
Sai ga ni a kan durom ɗin man dizal,
ina lalube cikin yanar gizo-gizo
kamar ɓarawo a ɗakin kansa.

A nan na ga kaina, ya Ubangiji.
Wanda mutum ya ruga wurinsa in wuta ta kama,
shi ne allahnsa,
sauran duk gaisuwar hanya ce.

Na sauko da shi, na sa reza.
Yashi, da gashi, da allura mai tsatsa,
da wata takarda da gara ta riga ni karantawa.
Wannan ne na haɗa ka da shi?
Kai da ka dasa Kufena inda yake,
ka koya wa Kubanni hanyarsa?
Kunya ta fi tsoro nauyi a daren nan.

Na koma asibiti ba ruwa, ba ƙaho,
hannu wofi, kamar ranar da aka haife ni.
Na durƙusa kusa da Asabe.
Ban yi ciniki da kai ba.
Na ce, ta tashi, kai ne.
Ba ta tashi ba, kai ne dai.
Ba ni da wani a ɓoye yanzu.

Ba zan ce don haka ta warke ba,
kai ba boka ba ne da za a biya ka da tuba.
Kwana tara muka yi a can,
yau tana aji huɗu, ta fi ni lissafi.

Amma ashe ƙaho yana da 'yan'uwa.
Na samu ɗaya a littafin bashi,
wani a cikin "me mutane za su ce,"
wani ma sanye da farar rigata ta Lahadi.
Ina cire su ɗaya-ɗaya, kamar tsakuwa a wake,
wata rana haƙori ne ke fara ganewa.

Har yau in bel ya tsinke, wuyana yakan ɗaga,
sabo turken wawa.
Inda ƙahon ya zauna, tsatsa ta huda kwano.
Asabe ta ce in kira mai faci kafin damina.
Na ce mata to.
Ban kira shi ba tukuna.