Amalanke Uku

Ubana itace yake sayarwa a bakin Kasuwar Dole.
Wani daren Talata aka buga mana ƙofa.
Yaro ne, gashinsa ɗaure a ka kamar curin fura,
ya ce a ba shi amalanke uku, busasshe, ƙirya in akwai.
Ubana ya ce, wane irin biki ne da tsakar dare?
Ya ce, babana ne.
Mu ba a binne mu.

Bakanike ne mamacin, mai gyaran injin matsar gyaɗa,
shekara ashirin da biyu yana sayen ruwan garuwa
farashi ɗaya da mu.
Ofishin magajin gari ya ce babu takardar irin wannan mutuwa.
Sai bayan duwatsu, hanyar Mirriya.
Ni na riƙe fitila.
Ubana ya juya wa wutar baya, bai kalla ba,
amma bai tafi ba,
yana riƙe da igiyar jaki har assalatu.
Da aka miƙo masa kuɗi ya ce hannunsa da gawayi.

Yaron ya tafi Yamai karatu.
Ya dawo da baƙar riga da shuɗin rawani,
munduwar ƙarfe na ƙara in ya bugi tebur.
Satwinda sunansa, tsofaffi suka mai da shi Ɗan Zindar.
Buzaye na yi masa tsiya:
wane irin rawani ne ba amawali?
Ya ce, bakin nan da shi nake noma, ba na rufe shi.

Ni kuwa na zama mai buga takardu a ƙofar kotu,
injina ba ya fid da harafin ra sai an danna sau biyu.
Ta hannuna ƙararrakinsa suka bi.

Na buga ta Rifkatu, matar mai wa'azi,
ranar da aka kafa turaku a maƙabartarsu
za a gina gidan mai.
Kabari arba'in da ɗaya.
Ya karanta sunayensu a gaban alƙali ɗaya bayan ɗaya,
har da jariri da bai kai suna ba,
wurinsa ya yi shiru gwargwadon tsawon suna.
Shekara huɗu ana ɗagawa.
Aka cire turakun.

Na buga ta Nomau, tsohon da ke zuba farau-farau
a gindin tsamiyar kakanninsa.
Wannan an kayar da mu.
An sare tsamiyar kafin ranar ɗaukaka ƙara,
Nomau ya biya shi da zabuwa biyu,
shi da ba ya cin nama.
Suna nan a gidansa, sun yi jikoki.

An rubuta masa zagi a bango da baƙin mai.
An ce me ya haɗa kifi da kaska,
ba cocinsa ba, ba tsafinsa ba.
Ni ma na tambaye shi, muna cin wake a tabarma,
don gidansa kowa a ƙasa yake zama,
alƙali mai ritaya gwiwa da gwiwa da kuturun Kara-Kara.
Ya ce, Lawali, kai ka riƙe fitilar.
Me kake tambayata?

Bana gemunsa ya yi fari fat.
Jiya ya kawo mini takarda in buga,
da wata a manne, mai hatimin magajin gari,
shekara tara yana nemanta:
fili taku goma, bayan duwatsu, hanyar Mirriya.
Layin ƙarshe sunana ne.
Amalanke uku.

Na ce ai na bar sayar da itace tun rasuwar tsoho.
Ya ce ya sani.

Ban tambayi limaminmu ba tukuna.
Na dai biya ta Kasuwar Dole da yamma
na ji nawa ƙirya take yanzu.
Ta yi tsada.