Wankin Ginshiƙai

Mako uku suka ba mu mu wanke fuskar wani tsohon banki
a Liverpool, kusa da bakin ruwa.
Ni da Dermot muka hau da buroshi da tiyo.
Ginshiƙai shida, kowanne ya fi rimi miƙewa.

Daga ƙasa ka rantse dutse guda aka sassaƙa.
Da na kai hancina kusa
sai ga gaɓa, sai ga wata gaɓar:
guntaye ne aka ɗora kan juna
aka shafe bakin ɗinkin.

Dermot ya ce, "Girkawa aka kwaikwaya.
Wanda ya zana shi bai taɓa taka ƙasarsu ba,
a littafi ya gani."
Na ce, ashe kakanni ma aronsu ake yi.
Mai kuɗin jiya, da ya rasa asalin nunawa,
sai ya sayi na wasu ya kafa a ƙofa
don mai ajiya ya shigo da hula a hannu.

An ce zanen aro ba ya rufe katara.
Wannan kam ya rufe, kusan shekara ɗari biyu.
Ya rufe auduga, ya rufe sukari,
ya rufe hannuwan da suka tsinko su a ƙetaren teku
ba a sassaƙa sunan ko ɗaya ba.

Amma ba zan yi wa ginin ƙazafi ba.
Da la'asar, in rana ta kwanta a kwarmin ginshiƙi,
hagu ta amsa wa dama daidai wa daida,
sai ƙirjina ya lafa
kamar an warware lissafin da ke hana ni barci.
Wanda ya auna wannan ya yarda duniya na da ma'auni,
ya yarda hankali zai tsaya da ƙafafunsa
ya ɗauki rufi bai yi nishi ba.
Ina so in yarda da shi.

Yanzu gidan shan gahawa ne.
Tantabaru sun yi sheƙa a ganyen dutse na can sama,
kashinsu muke kankarewa tun Litinin.
Na biyar daga hagu yana da tsaga, siririya kamar gashi.
Na nuna wa Dermot.
Ya ɗora babban yatsa a kai, ya yi jim,
ya ce, "Rubuta. Ba aikinmu ba ne."

Na rubuta. Na buɗe ruwa.
Baƙin hayaƙin kakannin wasu
ya gangaro ta hannun rigata.