Gunaguni a Hanyar Miriya

Ba ƙara ba ne, Malam Barma.
Da ƙara ne, da na san inda zan nuna da yatsa.
Gunaguni ne,
irin na tsohon da aka ba kunu ba tsamiya:
ya sha, bai ce komi ba,
amma kuma bai yi shiru ba.

Cikin gari ba ta yi.
Daga Birni zuwa Kasuwar Dole lafiya lau,
tana ratsa duwatsu kamar mai zuwa barka.
Sai an bar gari, an kama hanyar Miriya,
allura ta taɓa sittin,
sannan ta soma, can ƙasa-ƙasa,
gur-gur-gur, kamar hadarin da ba na garinku ba.

Fijo ce. Ta girmi ɗana na fari.
Yaran garaji sun riga sun yanke mata hukunci.
Wani ya ce buji; na sake buji, jika huɗu ta tafi.
Wani ya ce esansin kwalba ne na bakin titi;
na sha na gidan mai sati biyu,
sai aljihuna ya karɓi gunagunin.
Fanna ta ce ba mota ba ce, kunnena ne,
wai tun da na bar aiki
nake jin abin da ba a faɗa ba.

Barma bai ko ɗaga murfin inji ba.
Kunnensa na hagu ya mutu tun yana yaron mota a hanyar Agadas.
Ya ce mu je.
Ya zauna baya, ya tuɓe takalmi,
ya shimfiɗa tafin ƙafa a kan ƙarfe
kamar mai auna zafin rairayi.

Cire giya, bar ta ta gangara.
Na cire. Gunaguni bai fasa ba.
To, inji ba shi da laifi, ku daina zaginsa.
Karkata dama. Ya yi sauƙi.
Karkata hagu. Ya tashi kamar an taɓo tsohon rikici.
Juya, in ji shi, mu koma. Ta gama faɗa.

Ƙarƙashin dogon yaro ya ɗaga ƙafar baya ta dama,
ya juya taya da hannu ɗaya,
ya kafa dogon ƙarfe a gindinta,
ɗaya bakin ya cije da haƙori, ya rufe ido.
Can ya miƙo mini.
Na ji shi har cikin ƙashin kai:
ana niƙa gero da tsakuwa.

Rulma ce, wadda mutanen Kano ke ce wa boris.
Da ya zare ta ya zuba mini ƴaƴan a tafin hannu,
ƙanana, baƙaƙe, duk sun yi ramuka
kamar goron da ƙwaro ya riga ka.
Waɗannan ke nan suka ɗauki jarkokin ruwa duk bazara
in famfo ya yi mana yaji,
da tukwanen Miriya, da ragon layya,
da babana, ranar da muka maido shi daga asibiti
ba da ƙafarsa ba.
Ba wanda ya taɓa sa musu ko ɗigon mai.

Mai gunaguni zama yake so, in ji Barma,
yana goge hannu da tsumma.
Wadda za ta yar da kai a daji ba ta shawara.

Jika tara, da na shayin yara.
Na zuba ƴaƴan ƙarfen a aljihun riga, ban san dalili ba.

Da la'asar na sake kama hanyar, ni kaɗai.
Sittin. Saba'in. Shiru,
har na ji numfashina.
Sai wajen gangaren nan, kafin lambuna,
daga gaba, ɓangaren hagu,
wani ɗan ƙas... ƙas...
kamar mai sallama da jin kunya.

Na kunna rediyo.
Ban gaya wa Fanna ba.