Dangin Yaji

A bayan wani tsohon gida a Nassarawa
akwai bishiya mai rassa a sunkuye,
'ya'yanta jajaye kamar murjani.
Na tsinko guda, na tauna,
harshena ya ce: masoro.

Na kai wa Baba Tanimu rumfarsa ta Kurmi,
inda kimba da citta da fasa-ƙwari
ke zaune buhu-buhu kamar 'yan ɗaki ɗaya.
Ya murza, ya sansana, ya yi atishawa.
"Ɗan gidanmu ne," in ji shi,
"duk abin da ya sa ka hawaye, yaji ne."

Malama Barira ta ɗakin tsirrai a jami'a
ba ta shawarci harshe ba.
Ta kwantar da reshen cikin tsofaffin jaridu,
ta ƙirga ganye a kan kara,
ta tsaga fure da bakin allura,
ta dubi ƙaron da ya manne mata a yatsa.
"Ba ruwansa da masoro.
Masoro yaɗo yake, wannan a tsaye yake.
Ɗan'uwan mangwaro ne,
yazawa kawunsa,
kakanninsa suna can ƙetaren teku."

Na biyo ta Kabuga da la'asar sakaliya,
ganyen a matse cikin littafi,
ina tuna Iya Ladidi.
Kowa cewa yake na gado zafinta,
alhali goyona kawai ta yi.

Baba Tanimu dai bai yarda ba.
Ya watsa 'ya'yan a turmi
tare da kimba,
ya miƙo mini taɓarya.