Ana Neman Ma'aikaci

Bayan isha na jawo fitilar caji,
na buɗe littafin bashi ta baya, inda babu sunan kowa.
Shamsiyya ce ta matsa:
"Baba, ba a ɗaukar mutum da ka.
Rubuta aikin tukuna, sannan ka nemi mai yi."
Ita ta yi karatu. Ni ƙarfe na sani.

Na rubuta: Ana neman yaron shago a Ƙofar Ruwa.
Na soke "yaro".
Badamasi ya ba ni shekara shida,
furfura ma a gemunsa ta fara sauka.

Na ɗaya: ya buɗe shago ƙarfe bakwai.
To, amma ƙofar nan tana da hali.
Sai ka tokare ta da gwiwa, ka ja hagu,
kwaɗon ƙasa kuwa ba ya son gaggawa.
Wannan a wane layi zai shiga?

Na biyu: ya san kaya.
Sanin kaya!
Makanike zai shigo da noti a tafin hannu,
baƙi ƙirin, duk ya cinye,
Badamasi ko kallo bai yi ba,
ya murza shi tsakanin yatsu biyu,
ya miƙa hannu gwangwani na uku ba tare da ya waiwaya ba.
Shekara ashirin da biyu,
sau biyu aka dawo mana da kaya.
Ɗaya ni na bayar.

Na uku: mai riƙon amana.
Nan biro ya tsaya.
Wane ɓarawo ne zai karanta wannan ya juya?

Na ce bari in sa: ya san wanda ake ba bashi.
Tasi'u mai gyaran adaidaita, a ba shi ko babu sallama,
Juma'a zai kawo, da gumi a jikin kuɗin.
Wani kuwa mai ƙamshin turare da makullin mota a yatsa,
Badamasi zai ce masa, "Ai mai shagon ya fita,"
ina zaune a gabansu, ina cin gurasa.

Sai abubuwa suka yi ta zuwa, ba lamba, ba layi.
In hadari ya taso ta gabas,
kafin ɗigon farko batura sun koma ciki.
Kyanwar da ke tsare mana wayoyi daga ɓera,
ban taɓa tambayar wa ke ba ta abinci ba.
Lokacin rasuwar Inna na yi sati uku ban leƙo ba,
na tarar da ciniki a ledar burodi,
kowace rana da ƙullinta,
har naira ashirin da ta yage, ya liƙe ta.

Na ƙirga abin da na rubuta.
Mutum uku na gani a takardar,
da wani na huɗu da ban san sunan aikinsa ba.

Saura layin albashi.
Fitila ta fara ja.
Na ɗaya nake biya,
shi ma wani watan sai goma ta wuce,
ya ce, "Babu komai, Alhaji," in kuwa yarda.
Ranar da ya ce bayansa ya gaji, zai koma Ɗambatta,
shadda yadi biyar na ba shi da kuɗin mota,
har ina jin na yi abin kirki.

Da safe Shamsiyya ta buga a wayarta,
ta tace shi ya dawo layi shida, tsaf.
Ta ce, "A tura?"
Na ce, dakata.
Akwai wanda zai duba mana tukuna.

Na ninke takardar, na sa a aljihun gaba.
A ɗaya aljihun akwai ambulan,
ba ta kai ba, na sani.
Na bar shagon a kulle, na nufi tasha.